Matar Da Ta Jira Inna Mu'mina Ta Gama Magana

Ƙarfe bakwai saura kwata Mama Ketura Manasse take fitowa daga gidanta a Gomari, da tsohuwar jaka a kafaɗa da filas ɗin shayi a hannu. Masu keke napep na layin sun san sai sun ɗan jira ta ɗago ƙafar dama da hannu, don gwiwar ta daɗe tana damunta. Tana sauka a wani ƙaramin ofishin lauyoyi masu tsaya wa marasa ƙarfi a kotu kyauta. Tana da tebur a ciki, amma fayil-fayil ne suke zama a kansa. Ita tabarma take ɗauka ta zagaya baya, ƙarƙashin dogon yaro, ta zuba wake a faifai, ta zauna jiran wanda za a turo mata.

Aikinta ɗaukar bayanin shaidu. Ta yi shekara goma sha tara tana tafinta a kotu, tana juya Kanuri da Bura da Larabcin Shuwa zuwa Hausa da Turanci, sannan ta yi sha huɗu a wannan ofishi. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ban taɓa yin rubutu don mutane su karanta ba, kuma sau uku ina yaga wannan shafin, amma na ga idan na tsaya jiran wanda ya fi ni iyawa, za ta tafi ba wanda ya faɗa.

Na san ta ne ta dalilin ƙanwar mahaifiyata, Inna Mu'mina. Lokacin da tashin hankali ya kai ƙauyensu, ita da mijinta, Baba Abdulwahab, sun gudu da 'yarsu Halimatu Sadiya, jaririya. Sun yi wata biyu a wani sansani a Dikwa ba mu san inda suke ba. Ranar da suka iso Maiduguri, a bakin gari wani ya nuna Baba da yatsa, ya ce shi ne ya nuna wa mahara hanyar ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu. A nan aka tafi da shi. Sadiya ta rasu bayan wata uku a ɗakin mahaifiyata a Ajilari, shi bai sani ba.

Shekara uku yana tsare kafin maganar ta kai gaban alƙali. Shaidarsa guda ɗaya ce a duniya, matarsa, wadda ta ce ranar harin suna Dikwa tare. Amma an riga an ɗauki bayaninta sau biyu, kuma bayanan biyu ba su yarda da juna ba. A na farko ta ce Yuli suka gudu, a na biyu Agusta. A ɗaya tafiyar kwana uku, a ɗaya kwana biyar. An rubuta cewa ta yi dariya lokacin da ake tambayarta gawarwakin da ta gani a hanya. An kuma rubuta cewa ta kasa faɗin sunan mutumin da take cewa mijinta ne.

Barista Mahfuz, lauyan da ya karɓi shari'ar, ya karanta takardun a gabanmu ya dafe goshi. Ya ce wa mahaifiyata, "Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Idan na tsayar da ita da wannan, a minti biyar za su rushe ta. Ku zagaya baya wurin Mama."

Ni na raka Inna, don a lokacin ba ta iya fita ita kaɗai. Mama Ketura ta dube ta ta gaishe ta da Kanuri, "Wushe, ƙanwata. Zo ki taya ni tsintar waken nan, idona ya mutu." Ba ta zaunar da ita a gabanta ba, a gefenta ta ajiye ta, su biyun suna fuskantar katanga. Ni kuwa ta ce in matsa can inda zan iya gani amma ba zan sa baki ba.

"Ke 'yar boko, na san irinku. Da ta yi shiru za ki cike mata gurbi."

Ranar farko ba ta ɗauki biro ba. Ta gaya wa Inna ko ita wace ce da abin da za a yi da maganar. Ta ce, "Ni ban je wurin ba, ke kika je. In ba ki sani ba, ki ce ban sani ba. In na faɗi ba daidai ba, ki gyara mini, ba raini ba ne." Inna ta ɗago ta dube ta kamar an yi mata wani yare. Daga baya ta gaya mini cewa wanda ya fara yi mata tambaya cewa ya yi, "Yuli ne ko?" ta ce e. Na biyun ya ce, "Agusta ne ko?" ta ce e. Ita ba ta lissafi da watannin Bature, kuma ba a koya mata ta musa wa namiji mai kaki ba.

Mama Ketura ba ta tambayi sunan wata ba. Cewa ta yi, "Da kuka fito, gero ya kai ina?"

"Ya fara fid da kai."

"To. Sai me ya faru?"

Kusan duk tambayarta ke nan a zama huɗu: sai me ya faru, ƙara gaya mini wannan wurin. Labarin bai zo a jere ba. Inna za ta fara daga rijiyar da suka sha ruwa, ta koma ranar aurenta, ta faɗa kan takalmin da ya tsinke. Wani lokaci ta yi shiru har ladan ya kira azahar, Mama Ketura tana tsintar wakenta kamar ba jiran kowa take ba. Ni a can gefe duk na ƙagu, don kwana goma sha biyu suka rage a shiga kotu. Da Inna ta zo kan gawarwakin, dariyar nan ta sake kuɓuce mata, siririya, ta rufe baki da gyale tana ba da haƙuri. Mama Ketura ta ce, "Ba komai. Na ga masu dariya, na ga masu hamma, na ga wadda barci ya ɗauke ta a tsakiyar magana. Jiki ne yake neman hanyar fita. Sha shayi."

Sunan miji kuwa, ta rubuta "baban Sadiya" kamar yadda Inna ta faɗa, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa a gidan da matar nan ta tashi, mace ba ta kama sunan mijinta. Abin da aka ɗauka hujjar ƙarya ke nan shekara uku.

A zama na huɗu Inna tana maganar yadda ƙafafunta suka kumbura a Dikwa har ta kasa takawa, sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Baban Sadiya ne ya riƙa kai ta awo. Suka naɗa mata abin nan a damtse, ya tsaya a kan ja. Ya dawo yana ɓoye mini katin."

Hannun Mama Ketura bai tsaya a cikin faifan ba. Ta ce, "Ƙara gaya mini kan katin."

Katin asibitin sansani ne na yara masu tamowa. Yana ƙulle a cikin zanen goyon Sadiya, a ƙasan akwatin Inna, kuma tun rasuwar yarinyar ba ta kwance ƙullin ba. Ba wanda ya taɓa tambayarta kati, don ba wanda ya san da shi, ita kuma ba ta san takarda ce da kotu za ta duba ba. Mama Ketura ba ta ce a ɗauko yau ba. Ta ce, "Ranar da kika iya." Barista Mahfuz ya kusa haukacewa.

"Mama, kwana biyar fa suka rage."

"Na iya ƙirga, Barista. In ka aika a fizgo zanen nan, za ka samu kati ka rasa shaida. Koma ofis ka sha ruwa."

Kwana biyu bayan haka Inna ta kwance shi da hannunta. Akwai ranakun awo shida a jiki, kowace da sunan wanda ya kawo yarinya: uba, Abdulwahab. Ɗaya daga cikinsu ta faɗa jajibirin harin, alhali tsakanin Dikwa da ƙauyen da aka kai wa harin tafiyar kwanaki ce a ƙafa, hanyar mota kuma a rufe take a lokacin. Barista ya bi sawu har aka samo babban littafin asibitin, ya yi daidai da katin.

Akwai abu ɗaya da Mama Ketura ta kafe a kai, wanda ba ya cikin aikinta. Ta ce Baba ba zai ji mutuwar 'yarsa daga bakin lauya a tsakiyar kotu ba. Ta yi ta zirga-zirga da gwiwar nan har aka ba Inna minti goma da shi kafin zama. Ban san abin da suka faɗa ba, kuma ban tambaya ba.

A kotu lauyan gwamnati ya yi aikinsa. Ya ce, "Kwana uku ne ko biyar?" Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Ban ƙirga ba." Ya juya tambayar ta fuska uku, ba ta ƙara ko kwana ɗaya don ta faranta masa ba. Bayan zama biyu alƙali ya sallami Baba Abdulwahab.

Ina karatun sanin halayyar ɗan Adam a jami'a yanzu. A littattafanmu na tarar masu bincike sun daɗe suna nuna cewa tambayar da ta bar mutum ya ba da labari da kansa ta fi kawo gaskiya a kan wadda ta sa masa amsa a baki, kuma wanda ya ga tashin hankali yana iya riƙe launi ko wari ya rasa kwanan wata, ba tare da ƙarya yake ba. Na ɗauki littafin da rawar jiki na je na karanta mata. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ashe su ma sun gano. Madalla, Allah ya ƙara musu basira." Sannan ta gyara mini abu ɗaya. Ta ce kada in rubuta cewa tana yarda da kowa. An sha kawo mata shaidar da aka haddace a gida, kuma haƙurin nan nata ne yake tona su, don wanda aka biya wa karatu ba ya da abin ƙarawa idan aka ce masa sai me ya faru.

Mama, ke ce kika zauna kusa da matar da aka rubuta wa maƙaryaciya, ba ki ce kin yarda ba, ba ki ce kin ƙi ba, kika ba ta lokaci. Ke 'yar coci ce, mu Musulmi, kuma ke kika riƙa tuna wa Inna cewa la'asar ta yi, kina miƙa mata buta. Uwar marasa baki, sunanki bai shiga takardar hukunci ba, don ba a rubuta sunan mai ɗaukar bayani. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa da hutu mai daɗi.

Ga 'yan sanda da lauyoyi da masu shari'a, ni yarinya ce, ban isa in koya muku aiki ba. Roƙo nake. Akwai mutane a tsare yau waɗanda shaidarsu tana bakin wata mata da ba a bari ta kai ƙarshen zancenta ba. Matasan da za su gaji wurin Mama su je Gomari su tambaye ta tun tana da ƙarfin amsawa. Mu ma a gida, idan wanda ya sha wuya ya fara magana ya sarƙe, mu daina ƙarasa masa.

Da na gaya wa Baba Abdulwahab zan yi wannan rubutu, yana zaune a ƙofar gida yana gyara wa maƙwabci rediyo. Na ce ko akwai saƙon da zan saka masa. Ya daɗe yana juya sukudireba a hannu, ni kuma na yi ƙoƙari na kama bakina.

Ya ce, "Ki ce mata ina gida."