Laka a Tayar Lori

Kowa na kallon buhunan gyaɗar da ke saman lorin, ita kuwa taya take kallo. Tsohuwa ce gajera cikin koriyar laffaya, barkono ya rina mata tafin hannu. Ta tsuguna, ta lakato laka da yatsa tana murzawa. Baƙa ce, ɗanya sharaf.

Mai shayin da nake zaune wurinta a kasuwar Suk Libiya ta ce sunanta Mero, ita ke daka wa masu agashe, wato tsire, goma sha ɗaya na unguwar Umbadda yajin ƙuli. Ranar da ta rasa gyaɗa, babu mai hura wuta a cikinsu.

Ta ɗago ta dubi direban. "Jatau, a ina ka kafe?"

"Wallahi, ya Hajja, hanya lafiya lau!"

"Bakinka ya ce lafiya, tayarka ta ƙaryata ka. Sauke mini takwas."

"Biyu fa kika saba ɗauka."

"Halas, magana ta ƙare, ɗana. Bayanka babu lorin da zai fito daga ƙauyukan Jazira sai ƙasa ta bushe."

Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta yadda kaya ke barin gona su iso kasuwa, ban taɓa sunkuyawa na duba taya ba. Ina jin a gonakin auduga ta girma, inda ruwa ɗaya ke rufe hanya mako guda. Na so in tambaye ta, kunya ta hana ni.

Sai da aka ɗaure buhu na takwas a amalanken jaki ta roƙi mai shayi ruwa kaɗan, ta wanke yatsanta.