Belbelar Baba a Ƙunshin Ƙosai

Shekara arba'in Baba ya yi yana zana motocin da ke jigila tsakanin Daura da Mai'adua, zaki a baya, dawisu a gefe. Da hannunsa ya soma rawa, direbobin da ke kiransa gwani suka gano ashe ana sayar da sitika a kasuwa.

Muka ce to, hutu ya samu, sai carbi. Ina! Tsoho ya bi gida yana tsince mana tsofaffin silifa. Sai ya sassaƙa hoto a ƙasan takalmin da wuƙa, ya shafa shuni da baƙin tukunya, ya kifa a takarda, ya ɗora tabarma ya zauna a kai. "Hannu ne ya ƙi, nauyi bai ƙi ba," in ji shi. Baƙo in mai jiki ne, nan ake yi masa shimfiɗa. Limamin unguwarmu ya buga tsuntsu ya fi goma bai sani ba.

Haushi nake ji, ba na ɓoyewa. Ni da duk bokona, ubana yana wasa da takalma.

Ranar da na shiga gyara masa ɗaki, na tarar da belbela guda an buga ta a takarda wajen talatin. Sai na yi aiki da ilimina: ai ɗaya ta isa. Na zaɓi wadda ta fi fita tsaf, sauran na kai wa mai ƙosan ƙofar gidanmu, har tana sa mini albarka.

Washegari Baba ya dawo daga masallaci da ƙunshin ƙosai. Ya juye a kwano, ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa yana lallaɓa ta da hannun nan mai rawa. Ashe belbelarsa ce a jiki, man ƙosai ya cinye mata fiffike ɗaya.

"Wacce ka bar mini?"

Na ɗauko, ina jiran yabo.

"Ta farko ke nan. Ita ce ba ta yi ba, tsaf kamar sitika." Ya shafa ta gwiwarsa. "Wata uku ina rage tawada ina ƙarawa don in ga ta tashi sama. A wannan ta soma tashi."

Kunya ta rufe ni. Na ce bari in je in karɓo abin da ya rage.

"Bar su," ya ce. "Tun da hannun nan ya soma rawa, ba wanda ya karɓi aikina hannu biyu sai masu sayen ƙosai."