Kaskon hayaƙin Yaya Hajo

Salamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ni ba, har wasu na raɗa wai na daina ƙuli-ƙuli don na yi arziki. Ina fa. Jinya na sha.

Ranar kasuwar Cadawa ina tuya, matsami ya suɓuce daga hannuna na dama. Na buɗe baki in kira maƙwabciyata, harshe ya ƙi.

A asibitin Maradi aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo. Hoton kai kaɗai sai da ya ci ragon da nake kiwo. Na ji tsoro ƙwarai, kada in ƙare rayuwata bebiya.

Ban yarda da likitar da ta duba ni ba. Ina jiran allura, ita tana tambayar sau nawa nake maimaita man tuya. Ta ce wa mijina, "Wurin da ya ji ciwo a ƙwaƙwalwa yana kumbura, kuma yana cinyewa kamar tsatsa. Ta sha maganinta kullum. Ku raba ta da hayaƙi, da gishiri, da ƙonannen mai. Ku ba ta zogale da wake."

Na ce a raina, wannan matar dai ganye za ta sayar mana.

Da muka koma gida, babbar yayata Hajo ta iso daga Gazawa da kasko da saiwoyi. Ta ce, "Iska ce ta shafe ta, ƙwaya ba ta korar iska." Kullum sai ta lulluɓe ni da bargo ta tura kaskon ciki. In yi ta tari, kaina kamar zai tsage. Ita kuwa cewa take, "Kun gani? Tana fita."

Aka auna ni, tansiyo, wato awon jinina, ya ƙara hawa. Nan zargina ya bar likita ya koma kan kaskon. Amma da wane baki zan faɗa?

Wata safiya Yaya ta nufo ni da garwashi. Na tattara duk ƙarfina na ce, "A'a."

Kalmata ta farko ke nan. Yaya ta ajiye kaskon, ta zauna tana kuka. Ni ma na yi.

Yanzu ina magana, ina takawa, hannun ma yana dawowa da motsa jiki. Alhamdu lillahi. Na gode wa mijina, da likitar da na zarga, da Yaya, wadda yanzu ita ke kwaɗa mini zogale.

Masu turo mini tallar "maganin wanke ƙwaƙwalwa", ku huta, ban yarda da ku ba.

Ku riƙa auna jininku. Baki ya karkace, a nufi asibiti nan take. In kuna jinyar wanda harshensa ya ɗaure, ku dubi idonsa kafin ku yi masa komai. Yana jin ku sarai.