Murja da Kumburin Cinyar Siddiqa

Murja 'yar Rogo ce, mahaifinta manomin gyaɗa. Da ta gama makarantar kiwon lafiya aka tura ta wani ƙaramin asibiti a Yolan Karaye, inda ta shekara goma sha ɗaya tana yi wa jarirai allurar rigakafi. Ba ta da yawan magana, amma tana da son karatu, har yau tana duba tsofaffin littattafanta idan babu layi.

Wata Laraba da hantsi, sai ga Malam Sulle, malamin allo mai faɗa a ji a unguwar, ya shigo babu sallama. Matarsa Laure na biye da shi rungume da jaririyarsu Siddiqa, wadda Murja ta yi wa allura a jiya. Maza shida suka tsaya a bakin ƙofa.

"Me kika zuba wa 'yata?" in ji Malam. "Lafiya lau aka kawo miki ita!"

Murja ta taso. Ta san in maganar nan ta bazu, babu uwar da za ta sake zuwa. Ta karɓi yarinyar ta duba. Cinyar ta kumbura ta yi ja, jiki da zafi, amma babu mugunya.

"Laure, tana shan nono?"

"Tana sha."

Murja ta juya. "Allah gafarta Malam, a ba ni dama in yi bayani. A jinin mutum akwai ƙwayoyin garkuwa da ake kira T. Ba sa tashi yaƙi sai sun samu saƙo biyu. Da farko wata ƙwayar za ta nuna musu ɓurɓushin cutar. In a nan aka tsaya, kwanciyarsu za su yi. Sai ta sake taɓa su ta wata kafa, ta tabbatar musu akwai haɗari, sannan su hayayyafa su koyi cutar. A cikin allurar akwai sinadarin da ke tayar da wurin don a samu saƙo na biyun. Kumburin nan alamarsa ce."

"Me ya sa sai biyu?" in ji Malam.

"Don kada su auka wa jikin mai su bisa kuskure."

Malam ya ce, "Na ji. Amma in gobe ba ta warware ba, zan faɗa wa jama'a a masallaci."

Ta ba da maganin zazzaɓi, ta ce a riƙa danna wurin da tsumma mai sanyi, in yarinyar ta ƙi nono a dawo nan take. Suna fita ta shiga damuwa, don ta san wani lokacin wurin allura kan zama maruru. Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Washegari da sassafe ta hau acaɓa zuwa gidan Malam. A zaure ta same shi, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya nuna mata ciki. Siddiqa na kwance a tabarma tana wutsil-wutsil da ƙafa. Murja ta ɗora hannu a goshinta, ta ji zafin ya sauka. Kullutun bai baje ba, sai da ya yi kusan mako biyu.

Malam bai ce komai a masallaci ba, bai kuma ba ta haƙuri ba. Bayan wata guda Laure ta kawo yarinyar allura ta gaba, tare da maƙwabtanta mata biyu da goyonsu.