Baba Bari Tukuna da Ciyawar Bayan Ɗakin Mata

Ƙarfe bakwai na safe za ka same shi a bayan ɗakin kwanciyar mata, yana cika tsohon murfin tukunya da ruwa. Sai ya kwashe ɓawon gwanda daga kicin ya jera a kan katanga, sannan ya ɗauki almakashinsa. Shekara ashirin da shida ke nan mai lambun asibitinmu yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Mu nas-nas muka sa masa suna Baba Bari Tukuna. Ko'ina yana aske shi tas, amma akwai wani lungu a bayan ɗakin matan da ba ya taɓawa. In ka yi magana sai ya ce, "Bari tukuna, 'yata, ciyawar ba ta zubar da iri ba."

Ashe lissafi yake yi. Tun da aka sare dajin bayan asibiti aka jera gidaje, tsuntsayen dajin suka rasa abinci, har suka koma tonon bola suna haɗiyar leda. Shi ya lura cewa 'yar tsuntsuwar nan tsada irin ciyawa take ci, cilakowa kuma farar da ke cikin ciyawar take bi. Shi ya sa ko maganin feshi ba ya yarda ya kusanci wurin.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, lalaci na ɗauka. Ni na kai ƙararsa, wai zai tara mana macizai. Takardar gargaɗi biyu ya karɓa, ta uku kora ce, ga iyali.

Bai yi musu ba. Ya dai roƙi babban likita ya zo da safe ya gani da idonsa. Likita ya zo, ya tarar da marasa lafiya sun yi cincirindo a taga suna kallon tsuntsaye. Wata tsohuwa mai karayar ƙugu, wadda muke fama da ita ta tashi zaune, ga ta zaune daram.

"Ɗan nan," ta ce wa likita, "rabona da cilakowa tun ana shiga dajin can itace. In ka yanke, me zan tashi in kalla?"

Likita ya ce a share hanya kewaye da lungun saboda macizai, a bar sauran.

Baba, kai ne ka ciyar da baƙin da ba su iya godiya ba. Kai ne ka gaishe ni washegari kamar ban yi maka komai ba, har yau kunyar nan ba ta sake ni ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi.

Jama'a, mai fili ko da taku biyu ne, ya bar wa tsuntsu rabonsa.

Jiya sabon mai lambu ya zo zagaye, ya nufi lungun da injin yanka. Na ajiye tiren magani, na fita da gudu na sha gabansa.

"Malam," na ce, ina haki, "bari tukuna."