Gwadabe da Maƙalallen Maɓalli

Ranar Talata, 7 ga Maris, 2023, Malam Tasi'u, akawun wani kamfanin fiton kaya a Treichville, ya kai wayarsa gyara unguwar Adjamé a Abidjan. A nan ya fara haɗuwa da Gwadabe mai gyara.

Gwadabe yana da labari guda da duk layin suka haddace. Yana saurayi ya buga wasan farautar dodanni a wata 'yar na'urar hannu, amma akwai dodo mai fiffike da bai taɓa kashewa ba. A cewarsa, maɓallin kaucewa ne ya maƙale.

Tasi'u ya tausaya masa. Ya sa masa manhajar da ke buɗe tsohon wasan a waya, ya haɗa da abin riƙewa mai lafiyayyun maɓallai. Maƙwabta suka taru kallo. Dodon ya kayar da Gwadabe sau goma sha ɗaya.

"Maigida, yau kuma wane maɓalli ne?" in ji mai shayin layin.

Bayan mako guda Gwadabe ya goge manhajar, ya nemo tsohuwar na'ura mai maƙalallen maɓalli a kasuwa. Har yanzu yana Adjamé yana gyaran wayoyi. Ita kaɗai ce bai gyara ba.