Kibiyar Baba Tica

Da na dawo Kafancan bayan karatu, na zo da wani buri: in ƙirƙiro ƙaramin yaren kwamfuta da kalmomin Hausa don 'yan sakandare. Wanda ya fara yarda da haukata shi ne tsohon malamina na lissafi, mutumin Fadan Kaje, wanda muke kira Baba Tica. Ya yi ritaya, amma zama ba ya cikin jininsa. Shi kowa "kai" ne a bakinsa, mace ko namiji, ni ma haka nake shan nawa tun ina aji ɗaya.

Wata firamare ta ara mana aji duk Asabar. Kwamfuta ɗaya gare mu. Saboda haka Baba yake rubuta shirin, wato umarnin da za a ba na'ura, a allo, ɗalibai su kwafa a littafi, sannan su yi layi su buga ɗaya bayan ɗaya. Allon nasa ne, ni na'ura ce tawa. Yaran ma don shi suke zuwa, na san wannan sarai.

Matsalar ta taso ranar da muka ce su haɗa buhun citta arba'in da buhu biyu. Na'ura ta ce 402. Aji ya kwashe da dariya, wata ta ce wannan gonar sai a Godogodo. Abin da ya faru shi ne, duk abin da aka buga, na'ura rubutu take ɗaukarsa, sai ta jera 40 da 2 gefe da gefe. Muna bukatar alamar da za ta ce mata: mai da wannan rubutun lamba.

Ni na zaɓi @, wadda ake sawa a adireshin imel, mai naɗewa kamar dodon koɗi. Ba ta da wani aiki a yaren, kuma ta yi mini kyau. Baba ya ce kibiya yake so, wato ->.

Sati uku muna abu ɗaya. Ya ce yara za su zaci imel ne. Na ce za su saba. Ya ce kibiya tana nuna inda abu ya nufa. Na ce rabinta alamar ɗebewa ce, rabi alamar "ya fi", dole sai na sake gyara yadda na'ura ke karanta shirin. Ni kuwa akwai taurin kai, ban ɓoye ba. A ƙarshe ya ajiye alli ya ce, "Yarinya, in wannan abin ka zaɓa, ka koyar da shi kai kaɗai." Bai ɗaga murya ba. Raina ya ɓaci, don gani nake girman kai ne kawai na tsoho, amma na tsorata. In ya tafi, ajin ya watse.

Asabar ta gaba na yi sammako don in ba shi haƙuri, ba don in canza ra'ayi ba. Na tarar da kekensa jingine a gindin mangwaro. Na leƙa ta taga. Yana tsaye shi kaɗai, ya cika rabin allo da alamar tawa, layi bayan layi, babu ko ɗaya da ta rufu daidai. Hannunsa na dama rawa yake yi, ya riƙe shi da na hagu, duk da haka in ya zo lanƙwasa sai allin ya kufce. Sai a lokacin na tuna wata nawa ke nan da doguwar rular katako ba ta barin hannunsa, kuma rubutunsa ya koma manyan baƙaƙe masu miƙaƙƙun layi. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Na koma bakin titi na tsaya har na tabbata ya goge allon. Sannan na shiga da gaisuwa.

"Baba, na yi tunani. Kibiyarka ta fi."

Ya dube ni na ɗan lokaci. "Ka gama jayayya?"

"Na gama."

Ya ɗauki rula ya ɗora a allo, ya ja layi uku, kibiya ta fito tsaf. Gyaran ya ci mini kwana biyu.

Baba ya ƙara shekara biyu yana koyarwa kafin hannun ya ƙi gaba ɗaya. Har yau in masu koyon yaren suka tambaye ni me ya sa kibiya, sai in ce ai yara za su zaci imel ne.